Amsoshin Tambayoyinku: Waya, Yaranmu da Al'adun da ke Ƙetare Iyaka

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Daga nan Kumasi muke muku sallama a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu da saƙonnin WhatsApp sun taru a gabana, kuma yawancinsu a kan abu guda suke: yadda waya ke kwaso waƙa da rawa da finafinan wasu ƙasashe ta zube mana su a tsakar gida. Tare da ni akwai malamin da ke koyar da sadarwa a ɗaya daga cikin jami'o'inmu, kuma ɗan zango ne, a cikinmu ya tashi. Malam, sannu da zuwa.

Malam: Yauwa, sannunmu. Ina gaida masu saurare.

Mai gabatarwa: Lokaci ba ya jira, bari mu fara da gajeru. Wani tela daga Asawase yana tambaya: TikTok na Amurka ne? A'a maigida, kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ne ya ƙirƙiro shi, kuma a can gida suna da nasu daban mai suna Douyin. Indiya ma ta hana shi tun 2020. Sai wani ɗalibi daga Tafo, ya ce gardama suke da abokansa kan bidiyon da ya fara kai kallo biliyan ɗaya a YouTube. Gangnam Style ne, na mawaƙin Koriya ta Kudu Psy, a watan Disamba na 2012. Ka je ka raba musu gardamar, ɗana, sannan ka koma kan littafinka, jarrabawa ba za ta tambaye ka wannan ba.

Wani mai gyaran waya a Adum ya ce, bidiyon da aka ɗora a London, ta ina yake bi ya iso wayarsa cikin ƙiftawar ido? Malam, a taƙaice don Allah.

Malam: Mutane da yawa sun ɗauka ta sama yake zuwa, ta tauraron ɗan Adam. Mafi yawansa ta ƙarƙashin teku yake bi, cikin manyan wayoyi da aka shimfiɗa, su fito a bakin ruwa a Accra, daga nan kamfanonin waya su rarraba. Ai kowa ya tuna ranar 14 ga Maris na 2024, da huɗu daga cikinsu suka lalace, WACS da ACE da MainOne da SAT-3. Ranar ko kuɗi ta waya da ƙyar ake turawa.

Mai gabatarwa: Mun tuna kuwa. To, ga wadda za mu daɗe a kanta, domin iyaye da yawa sun rubuto irinta, daga Sawaba, daga Yalwa, har daga Nima. Na zaɓi ta wata Hajiya mai sayar da koko da ƙosai a Aboabo. Ta ce jikarta 'yar shekara 14 tana rera waƙar Koriya daga farko har ƙarshe, amma ba ta iya gaishe da baƙo da Hausa yadda ya kamata ba. Jikanta namiji kuma ya sa wa unguwarsu sunan wani birnin Amurka, wando yana zamewa, magana da hannu. Tambayarta biyu ce: wa ke turo wa yaran nan waɗannan abubuwa, kuma ta ƙwace wayar ne ko ta bari? Malam, ga Hajiya.

Malam: To, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Kafin in amsa, ina so mu tuna yadda mu kanmu muka zo nan. Fatake ne suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, suna bin hanyar goro zuwa Gwanja, suka yada zango a Salaga. Ba kaya kawai suka ɗauko ba. Sun zo da babbar riga, da allo, da tuwo da fura, da kalangu. Bayan yaƙin Salaga na 1892 jama'a suka watsu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu Accra. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934, waƙoƙinsa da hannu ake kwafarsu, almajiri ya ɗauka ya kai wani gari. Haka kuma a shekarun 1950 E.T. Mensah ya ɗauki kiɗan highlife ya kai Legas, 'yan Najeriya suka karɓa. Louis Armstrong ya zo Accra a 1956, ya busa ƙaho a gaban Nkrumah, to a wancan zamanin...

Mai gabatarwa: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma Hajiya na jiranmu a Aboabo, kokonta zai huce. Wa ke turo wa jikarta waƙar Koriya?

Malam: To, madalla. Abin da nake son kaiwa gare shi shi ne, da can mutum ne ke ɗauko al'ada, kuma ka san fuskarsa. Yanzu lissafin kwamfuta ne a cikin manhajar. Ba wani mutum da ya zauna a Seoul ya ce a nemo jikar Hajiya. Manhajar tana lura ne da abin da yarinyar ta tsaya a kai: wane bidiyo ta kalla har ƙarshe, wanne ta maimaita, wanne ta tura wa ƙawa, wanne ta wuce da sauri. In ta tsaya a kan rawar Koriya yau, gobe a kawo mata goma. Su kamfanonin, da talla suke samun kuɗi, saboda haka buƙatarsu ita ce ta daɗe tana kallo. Ko daga wace ƙasa abin ya fito, ba ruwansu. Ita kuma Koriya ta Kudu, tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnatinta ke zuba kuɗi a harkar fim da waƙa don a sayar a waje. Wato kaya ne da aka shirya da kyau, suka sami hanya a buɗe.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda hayaniyar kasuwar Kejetia ta hana shi ji. Wayar tana ƙara maka abin da ka tsaya ka kalla ne. Abin da ka tsaya a kai, shi za a ƙaro maka. Ka wuce shi, ya ragu. Haka ne, Malam?

Malam: Haka ne. Kuma harshe ya daina zama shinge. Dubi Khaby Lame, haifaffen Senegal da ya tashi a Italiya. Ya rasa aikinsa na masana'anta a 2020, ya fara bidiyo ba ya cewa uffan, sai hannu da fuska. A 2022 ya fi kowa mabiya a TikTok. Rawa ma haka take, ba ta bukatar tafinta.

Mai gabatarwa: To Hajiya, ni ma bari in sa baki, kuma ki yi mini haƙuri, ke uwa ce. Lokacin da Adom TV ta juya shirin Indiya na Kumkum Bhagya zuwa Twi, wa ke rufe sana'a da wuri don kada a fara babu shi? Ba yaran nan ba ne. Iyayenmu maza kuma, da ku aka cika sinimar Rex da Roxy ana kallon Indiya da kaboyi, har da masu ɗaure gashi irin na jaruman. Kun girma, kun yi salla, kun aurar da mu. Don haka waƙar Koriya ita kaɗai ba ta tayar mini da hankali. Abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne gaisuwar. Yarinyar da ta haddace waƙa da harshen da ba ta taɓa jin kowa na yi a unguwa ba, ƙwaƙwalwarta lafiya lau take. In ba ta iya "ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen gida" ba, to ba a yi mata ne a gida yadda zai zauna ba. Mu ne muke yi musu Turanci da Twi tun suna goye, muna ganin wayewa ce, sannan mu dawo mu ɗora wa waya laifi. Wannan ra'ayina ne, kuma na san wasu za su rubuto su yi mini faɗa. Ku rubuto.

Malam: In ƙara a kan wannan, hanyar nan ba shigowa kawai ake yi ta cikinta ba, ana fita. Kiɗan da jikanta namiji ke bi, drill, a Chicago ya fara, ya bi ta London, samarin Kumasi suka sa masa Twi suka kira shi asakaa, suka ce da garin Kumerica, wato Kumasi da Amurka a haɗe. Yaw Tog yana ɗan sakandare ya yi waƙar da mawaƙi Stormzy na Ingila ya shigo ciki aka sake ta tare a 2021. Black Sherif, Mohammed Ismail Sherif, ɗan Konongo ne, a nan kusa da mu, yau ana jin sa a ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Rawar Azonto daga unguwannin ƙabilar Ga na bakin teku a Accra ta fito, ta zaga duniya ta YouTube. Masu rawa da akwatin gawa na Benjamin Aidoo, BBC ta nuna su a 2017, sai a 2020 lokacin korona aka haɗa hotonsu da wani kiɗan Turai, har a Brazil aka kafa allunan gargaɗi da su cewa a zauna a gida. Ita kuma Hausa, ai ba a taɓa jin Hausar Kano a zangon Kumasi kamar yanzu ba. Da sai an jira kaset ya iso kasuwa. Yau Labarina ko Izzar So na fita a YouTube, a daren ake kallonsa a Aboabo. Ertugrul na Turkiyya ma, da fassarar Hausa matasanmu da yawa suka kalle shi.

Mai gabatarwa: Yauwa, nan nake so mu zo. Asante sun sa nasu, Ga sun sa nasu, Kano ta sa nata. Mu 'yan zangon Ghana fa? Ina wa'azin malamanmu da aka ɗauka da sauti mai kyau? Ina tatsuniyar kakanninmu, ina hawan salla, ina kiɗan biki, ina yadda ake dama fura? Akwai masu ƙoƙari, Allah ya yi musu albarka, amma sun yi kaɗan. Yaro ba zai tsaya a kan abin da babu shi a wayar ba. Amma Malam, ba ka amsa ta biyun ba. Ta ƙwace ko ta bari?

Malam: Ƙwacewa gaba ɗaya ba ta cika aiki ba, za ta je ta kalla a wayar ƙawa inda ba idon kowa. Amma a sa iyaka. Dokar TikTok da Instagram da kansu ta ce sai mai shekara 13, saboda haka ɗan shekara tara ba shi da abin yi a can. TikTok na da wurin da uwa ko uba za su haɗa wayarsu da ta yaro su ƙayyade lokaci, a nemi wani babba a gidan ya saita. Waya kada ta kwana a ɗakin yara. Kuma Hajiya ta zauna ta ce, nuna mini abin da kike kallo. Akwai na banza, akwai na batsa, akwai 'yan damfara, ba na musun wannan. Sai kin gani za ki iya rarrabewa.

Mai gabatarwa: Kin ji, Hajiya. Kada ki ƙwace, ki sa iyaka, waya ta kwana a ɗakinki, ki zauna ki kalla tare da ita. Ni kuma na ƙara da cewa ki sa ta ɗauke ki bidiyo kina dama koko kina bayani da Hausa, ita ta rubuta fassarar. Za ta koyi gaisuwar a nan.

Saura minti biyu. Wani saurayi daga Alabar ya ce yana wasan barkwanci, yaushe YouTube za ta fara biyansa? Kafin a raba kuɗin talla da kai a dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kuma kashi 55 cikin ɗari ne naka. Tallan da ake nuna wa mai kallo a Ghana bai kai na Amurka tsada ba, don haka kada ka saki sana'arka tukuna, ƙanena. Wata mai ɗinki daga Suame ta tambaya ko kente na da kariya a duniya. UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin al'adun gado na bil Adama a Disamba na 2024, a gida kuma Hukumar Kula da Al'adun Gargajiya ce ke ba da izinin amfani da irinsa don kasuwanci.

Alhajin da ya rubuto daga Madina kan wa'azin ƙasashen waje da ke raba kan matasa a masallatai, tambayarka ta fi ƙarfin minti ɗaya, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma za mu gayyato limami. Malam, mun gode. Jama'a, ga labaran ƙarfe shida nan tafe, a kasance lafiya.