Ɗakin iskar oksijin da cutar MS: abin da gwaji ya nuna

An rubuto wannan lacca daga faifan muryar wani likitan jijiyoyi da ya yi wa majinyata da iyalansu jawabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da zuwa. Yau zan yi magana ne a kan wani magani da ake ta tallarsa a intanet, wato a shigar da mai cutar MS cikin wani ɗaki na ƙarfe, a matse iskar ciki, ya riƙa shaƙar oksijin zalla. Ana cewa yana warkarwa. Ina so kafin wani ya sayar da gona ko fili ya hau jirgi, ya ji tarihin abin tun daga tushe.

Ita MS, wato multiple sclerosis a Turance, cuta ce ta ƙwaƙwalwa da laka. Kowace jijiya tana da rufi mai maiƙo da ake kira mayalin, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. Sai garkuwar jikin mutum ta juya ta riƙa cin wannan rufin, saƙo ya kasa wucewa yadda ya kamata. Wani idonsa ne zai dushe, wani ƙafa ta riƙe, wani fitsari ya gagare shi riƙewa, ga wata gajiya da barci ba ya kawar da ita. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a 1868. Ƙididdigar 2020 ta ce kimanin mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun fi yawa, kuma ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Sikotilan.

Ga abin da nake so ku riƙe da kyau, domin shi ne mabuɗin duk maganar yau. A wajen kusan 85 cikin 100 na masu ita, da farko cutar zuwa take yi ta tafi. Ta taso mako biyu ko wata guda, sai ta lafa da kanta, ido ya washe, ƙafa ta saki. To duk abin da mutum ya sha ko ya shiga a daidai lokacin da za ta lafa, shi zai gode wa. Ba ƙarya yake yi ba, wallahi ya ji sauƙi. Tambayar ita ce, me ya kawo sauƙin?

Shi kuwa ɗakin oksijin ba yaudara ba ne a inda ya dace. Ana ninka matsin iska sau biyu ko fiye, kwatankwacin wanda ya nutse mita 10 a teku, sai oksijin ya narke cikin ruwan jini da yawa. Da shi ake ceton masu nutso da suka taso da gaggawa, da wasu raunukan ƙafar masu ciwon suga, da waɗanda suka shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki. Wannan na ƙarshe kuwa mun san shi, ya sha kashe iyali guda a dare ɗaya.

Yaya aka yi ya shigo cikin zancen MS? A 1983 wani likita mai suna Fischer da abokan aikinsa a New York suka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 40, waɗanda 37 daga cikinsu suka kammala. An tsara kowa ya shiga ɗakin sau 20, minti 90 kowane zama. Cikin 17 da suka shaƙi oksijin na gaske, 12 sun samu ci gaba. Cikin 20 da aka yi wa na boge don a kwatanta, mutum 1 kacal. Ku tuna a wancan lokacin babu wani magani da ke rage tasowar cutar, na farko sai a 1993 ya fito. Mutanen da aka ce wa su koma gida su yi haƙuri suka ji wannan labari, ai dole su ruga. A Birtaniya majinyata da kansu suka tara kuɗi suka buɗe cibiyoyi, tun daga garin Dundee, inda Dakta Philip James yake ganin cutar ta samo asali ne daga toshewar ƙananan hanyoyin jini.

Sai aka maimaita gwajin, domin haka ilimi yake tafiya. A Newcastle aka gwada mutum 120, aka buga a 1985, ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba, sai ɗan abin da wasu suka ce sun ji ta fuskar fitsari da bayan gida. A Landan aka sake a 1986, haka nan. A 2004 masana biyu, Bennett da Heard, suka tattara gwaje-gwaje 9 masu ɗauke da mutum 504, suka ce babu tabbatacciyar hujjar amfani. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2013 cewa ba ta amince da shi don MS ba.

Duk da haka cibiyoyin Birtaniya suna nan, mutane na zuwa, kuma ni ba na ganin laifinsu. A can ana motsa musu jiki, suna zama da masu irin ciwonsu, ana sauraronsu. Wanda ya daɗe shi kaɗai a ɗaki ya san darajar wannan. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ɗan kasuwar da zai karɓi miliyoyi ya ce zai warkar, alhali ya san abin da gwaji ya nuna.

Kuma akwai haɗari. Dodon kunne kan yi rauni, gani kan dushe na ɗan lokaci, wani kan yi farfaɗiya. Oksijin kuma abokin wuta ne. A watan Janairun 2025 wani yaro ɗan shekara 5 ya rasu a jihar Michigan da irin wannan ɗaki ya kama da wuta.

Hajiya a baya ta ɗaga hannu, tana tambaya: to ƙanwarta da aka ce tana da ita, ina za su nufa? Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Ku fara da tabbatar da cutar wajen likitan jijiyoyi da hoton MRI, wato hoton ƙwaƙwalwa da laka da na'ura ke ɗauka, domin akwai wasu cututtukan laka da ido masu kama da ita, maganinsu daban. In ta taso, akwai allurar da ake ƙarawa ta jijiyar jini kwana 3 zuwa 5 don gaggauta lafawa. Don rage tasowarta kuwa, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka magunguna uku cikin jerin muhimman magunguna: rituximab, cladribine da glatiramer. Ku tambayi likitanta wanne ake samu, kuma nawa ne. Sannan lokacin bazara ku kula mata da zafi, domin zafin jiki yana tayar da tsofaffin alamomin na ɗan lokaci, sai an samu inuwa da ruwan sanyi su koma. Akwai wata tambayar?