Amsoshin Tambayoyinku: Makin taimin ya hau daidai amma tsohuwar mota ta ƙi tashi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato saita taimin, lokacin da wuta ke tashi a fulogi, bayan an sauke injin tsohuwar mota an sake haɗa shi, irin motocin nan masu kafireta da distiribita mai raba wa fulogai wuta da kwantak, ɗan makullin cikinta mai buɗewa da rufewa, waɗanda babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsu. To bismillah.

Wasiƙar farko daga wani bawan Allah ce, yana cewa: "Na haɗa injin Chevrolet V8 mai ƙaramin bulok, na sa ɗigon giyar kamshaf da na kiranshaf suna kallon juna yadda littafi ya ce, makin fuli yana kan sifili, na zura distiribita roto na kallon wayar fulogi na ɗaya. Da na buga kik sai tari kawai take tana tofo wuta ta kafireta. A ina na kuskure?"

Malam, ka kwantar da hankalinka, ba ka lalata komai ba, kuma wallahi manyan makanikai ma sun faɗa wannan ramin. Abin da ya faru shi ne makin nan na fuli, wato alamar da ke kan fulin gaban inji, sau biyu yake zuwa. Inji mai bugu huɗu, fistin zai sauka ya zuƙo fetur da iska, ya hau ya matse su, wuta ta tashi ta turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kenan kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, sai ya zagaya sau biyu kafin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, da distiribita su zagaya sau ɗaya, fistin na ɗaya kuma sau biyu yake kaiwa ƙololuwa, abin da littattafan mota ke rubutawa TDC, ɗaya lokacin matsa ɗaya lokacin korar hayaƙi, shi kuwa maki babu ruwansa, duk biyun sifili zai nuna maka.

To a wannan injin naka, wanda Chevrolet suka fara fitarwa a 1955, idan ɗigon biyu suna kallon juna, na kamshaf yana ƙasa na kiranshaf yana sama, gaskiya ne fistin na ɗaya yana sama amma hayaƙi ya gama kora, silinda ta shida ce ke jiran wuta a lokacin. Kai kuma sai ka aika wutar ga ta ɗaya daidai lokacin da bawul ɗin shigar mai ya fara buɗewa, ina wutar za ta bi in ba kafireta ba? Sarkar taimin ɗinka lafiya lau take, kar ka taɓa ta. Zare distiribitar, ka juya kiranshaf zagaye ɗaya cur har makin ya dawo sifili, sannan ka mayar.

Amma kar ka yarda da maganata haka kawai, gwada. Cire fulogi na ɗaya ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya riƙa juya injin da sifana a hankali. Idan ka ji iska na ture yatsanka tana fita fuuu, to matsa ce, ci gaba har maki ya hau. Idan murfin bawul a buɗe yake ma ya fi sauƙi, kalli rokokin silinda ta shida, wato ƙarafan da ke danna bawul, in ka ga ɗaya na rufewa ɗaya na fara buɗewa kamar suna miƙa wa juna hannu, to ta ɗaya ce a kan wuta, bawul ɗinta duka biyu a rufe ruf.

Wajen mayar da distiribita akwai abu biyu da ke sa mutum zufa. Haƙoran giyarta a karkace suke, saboda haka tana sauka roto, ɗan hannun cikinta mai miƙa wuta ga wayoyin fulogi, zai ɗan juya da kansa, sai ka fara da shi baya kaɗan da inda kake son ya tsaya. Na biyu, ita ce ke juya sandar famfon baƙin mai, in bakin sandar bai dace da gindinta ba za ka ga ta tsaya ta bar 'yar tazara ta ƙi zama. Don Allah kar ka danne ta da noti. Zare ta, ka sa dogon sukundireba ka ɗan juya sandar, ka sake gwadawa, sai ka ji ta faɗa ƙwas da kanta. Wayoyin fulogi kuma jerinsu 1-8-4-3-6-5-7-2, bin hannun agogo. Kuma in sabon kamshaf ka sa mai tafet shafaffe, wato ƙarfen da kamshaf ke turawa gindinsa shafaffe ne ba mai taya ba, ka daina yawan buga kik ɗin nan a banza, man da aka shafa masa wajen haɗawa gogewa yake, so ake injin ya kama nan take a riƙe shi wajen juyi 2000 zuwa 2500 a kowane minti, na tsawon minti 20 ko fiye.

Wasiƙa ta biyu ta fi ba ni sha'awa. Mai ita ya ce ya saita da fitilar taimin, wadda ke walƙawa a kan maki duk sanda fulogi ya ba da wuta, maki ya tsaya cak inda littafi ya ce, amma motar ba ta da ƙarfi, tana zafi, har bakin salansa wajen inji yana yin ja. Ya ce ko fitilar ce ta lalace?

Da wuya fitila ce ɗan'uwa. Alamun da ka lissafa na wutar da ta makara ne, fetur yana ƙarasa ƙonewa a hanyar fita maimakon a kan fistin. Fara duba mai sauƙin, ka cire tiyon bakyum, wanda zuƙar iskar inji ke bi ta ja wuta gaba, daga distiribita ka toshe shi kafin ka haska? Yawancin motocin haka ake auna su, in ka bar shi yana ja sai ya ƙara maka digirin da ba naka ba, kai kuma ka rage. In ka yi wannan, to ni makin nake tuhuma. A injina da yawa makin ba a kan ƙarfe guda yake ba, fulin gaban nan mai nauyi da ke shanye girgizar kiranshaf ƙarfe biyu ne, na ciki da zoben waje, da roba a tsakani. Robar da ta shekara 40 ko 50 tana shan zafi da mai ai dole ta saki, zoben ya zame, ya tafi da makin. Wani lokacin ma ba zamewa ba ce, fulin na wata shekara ne ƙarfen da ke nuna digiri na wata shekara, an haɗa su aure ba su san juna ba. Na taɓa kwana biyu ina zagin kafireta a kan irin wannan, na wanke ta sau uku, ashe baiwar Allah ba ta da laifi.

Fistin shi ne ba ya ƙarya, shi za ka tambaya. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a ramin fulogi mai tsini a ƙasa don ya tare fistin, wasu ma da tsohon fulogi suke ƙera shi. Cire kan batir tukuna, wannan ba wasa ba ne, in wani ya taɓa kik fistin ya huje. Cire duk fulogai don injin ya yi laushi, ka sauke fistin na ɗaya ƙasa, ka ɗaura ƙarfen, ka juya da hannu sannu sannu har ka ji ya dafa. Yi alama a fuli daidai sifilin ma'aunin. Sai ka juya baya, kusan zagaye guda, har ya sake dafawa, ka sake alama. Tsakiyar alamomin nan biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya. In ta faɗa kan makin kamfani, madalla. In ta kauce to ka kama ɓarawo, kuma in zamewa ce sabon fuli za ka nema, don wanda ya zame jiya gobe ma zai ƙara, sabon maki da fenti ba zai riƙe shi ba. Ka dai lura a wasu injinan bawul na iya taɓa ƙarfen, sassauta rokokin wannan silindar kafin ka fara.

Sai wata 'yar'uwa da ta ce ta gaji Volkswagen Beetle daga mahaifinta, an haɗa injin, ba ta da fitilar taimin, kuma fulin yana da yanka har uku, wanne za ta bi?

Allah ya jiƙan baba. Hajiya, ki fara da kwantak kafin komai, tazararsa 0.4 na milimita idan ya buɗe iyaka, domin duk sanda aka taɓa wannan tazarar taimin ma ya motsa, in kika saita taimin sannan kika dawo kan kwantak aikin baban giwa kika yi. Batun yanka kuwa distiribitar ce ke yanke hukunci, ki duba lambar da aka buga a jikinta. Da yawa digiri 7.5 kafin ƙololuwa suke so, wasu tsofaffin 10, masu tiyon bakyum biyu na farkon shekarun 1970 kuma digiri 5 bayan ƙololuwa, su waɗannan sai da fitila injin na aiki. In taki mai tiyo ɗaya ce ƙaramin ƙwan fitila mai bolt 12 da waya biyu ya ishe ki. Juya fuli har yankan da ya dace ya zo daidai layin da ɓari biyu na bulok suka haɗu, roto na kallon ɗan tsagin da ke bakin distiribita, nan ne silinda ta ɗaya. Waya ɗaya a kan koyil wajen da aka rubuta 1, ɗayar a jikin inji. Kunna makulli ba tare da kin tayar ba, sassauta notin da ya riƙe distiribita, juya ta bin hannun agogo har ƙwan ya mutu, sannan ki dawo da ita baya a hankali kamar mai zare ƙaya, daidai inda ƙwan ya kama ki tsaya ki ɗaure. Nan ne kwantak ya buɗe, kuma buɗewarsa ce ke haifar da tartsatsi a fulogi. Kashe makullin da wuri kar koyil ya yi zafi. Jerin wutarta 1-4-3-2.

Wani kuma a layi ɗaya ya tambaya, wai silinda ta ɗaya kullum ita ce ta gaba? A'a. Injin Jaguar XK mai silinda shida ta ɗayansa tana can baya wajen direba. Duba littafin motarka.

Ta ƙarshe, mai ita ya ce ogansa da kunne yake saita taimin bai taɓa riƙe fitila ba, shin laifi ne? Ba na raina kunnen tsohon makanike, a zamanin Ford Model T ma direba da kansa ke ƙara wuta da rage ta da wani ɗan hannu a jikin sitiyari yana sauraron inji. Matsalar ita ce a tsaye inji ya fi daɗin sauti in wuta ta yi gaba fiye da kima, sai an hau tudu da kaya ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani, ko da safe kik ya riƙa nauyi yana turjewa. Wannan ƙarar cin fistin da ringi take, a sabon inji kuwa asara ce babba. In ka ji ta, juya distiribita kaɗan zuwa inda roto ke juyawa don wutar ta ja baya, ka sake hawa tudun nan ka saurara. Ka gaishe da oga, ka ce ya ari fitila ko sau ɗaya ya ga digiri nawa kunnensa ke ba shi.

Lokaci ya cimmana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.