Fitilar Ƙafa Ce, Ba Ta Mota Ba

Wani dattijo, tsohon malamin makarantar Littafi Mai Tsarki, shi ya gabatar da wannan lacca a taron matasan wata ikkilisiya a Jos, wata Asabar da yamma cikin hunturu. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage maimaici.

Baba Rabaran, dattawan ikkilisiya, iyayenmu na Zumuntar Mata da na hango can baya kun ƙudundune saboda sanyi, da ku 'ya'yana matasa da kuka gayyato ni, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. An ce in yi magana a kan haske, an ba ni minti arba'in. Duk wanda ya ba tsohon malami minti arba'in, shi ya jawo wa kansa. (Dariya.)

Bari in fara da bakinmu na Hausa. Lantarki mukan ce masa wuta: an kawo wuta, an ɗauke wuta. Abin da ake tuƙa tuwo a kai, wuta. Gidan azaba ma, wuta. Amma haske kalma ce dabam, kuma ita Littafi ya fara da ita. A Farawa 1:3 Allah ya ce bari haske ya kasance. Rana da wata kuwa sai a kwana na huɗu aka yi su, kuma ko sunansu ba a kira ba, an dai ce manyan haskoki biyu. Ku tuna Masarawa rana suke wa sujada. Ana gaya wa Isra'ila ke nan cewa wannan abin da maƙwabtanku ke durƙusa masa, fitila ce kawai da aka rataye. Ku juya can ƙarshen Littafin, Ru'ya ta Yohanna 21:23, za ku tarar da birnin da ba ya bukatar rana ko wata, domin ɗaukakar Allah ce ke haskaka shi. To mu muna tsakanin shafin farko da na ƙarshe, kuma tafiyar dare muke yi.

Ayar da nake so mu zauna a kanta duk kun haddace ta tun a makarantar Lahadi, Zabura 119:105: maganarka fitila ce ga ƙafafuna, haske ce a kan hanyata. Wannan zabura ta fi kowace sura tsawo a Littafin, aya 176, an kasa ta kashi 22 bisa haruffan Ibrananci, kowane harafi aya takwas. Wace irin fitila mai zabura yake nufi? Wani ɗan kaskon yumɓu ne da zai zauna a tafin hannunka, a zuba man zaitun, a sa lagwani a bakinsa. Wanda ya san aci-balbal ya san ta. Ba ta haska gonar maƙwabci. Taki ɗaya, biyu, iyakarta ke nan.

Ina yaro, a wani ƙauye bayan Bukuru, nakan raka kakata addu'ar dare. Ku da kuka tashi a cikin gari ba ku san tsoron ramukan kuza ba. Masu haƙar kuza sun tafi sun bar ƙasar nan da ramuka, wasu sun cika da ruwa, wasu ciyawa ta rufe bakinsu, hanya kuma ta bi ta tsakaninsu kamar zare. Ni ke riƙe da fitilar ƙwai. Da yake yaro ne, sai in ɗaga ta sama, wai ina so in hango majami'a tun daga nesa. Ba na hango komai, sai ma idona ya dushe, ƙasa kuma ta koma baƙi ƙirin. Sai tsohuwa ta buge mini hannu ta ce, "Kai maigida, sauke fitilar nan. Majami'a ba ta gudu ba, ramin ne a kusa." Na yi shekaru ina koyar da tauhidi, ban samu fassarar ayar nan da ta fi wannan ba.

Abin da ya sa na kawo labarin, na ga yadda muke nema yanzu. Ba fitilar ƙafa muke so ba, ta mota muke so, mai dogon zango, a kunna mu hango Abuja daga Mararrabar Jama'a. Wa zan aura, a wace shekara? Ina za a tura ni bautar ƙasa? Biza za ta fito? Da yake akwai masu saye, masu sayarwa ma sun fito. Za ka je wurin wani ya kira maka lambar wayarka da sunan kakarka, ya ce ya ga shekara goma na gabanka, sai ka ajiye sadaka. Ban ce Allah ba ya bayyana abu ga bayinsa ba, yana yi, Littafi cike yake da hakan. Amma Bulus ya faɗa a 2 Korintiyawa 11:14 cewa Shaiɗan ma yakan rikiɗa ya zama kamar mala'ikan haske. Ashe ba duk ƙyalli ne jagora ba. Ƙwaron da ke zagaya fitila da damina, ai haske ya gani.

Ku duba yadda Allah ya saba bi da mutanensa. Ibrahim ya fita bai san inda za shi ba, haka Ibraniyawa 11:8 ta ce. A jeji, Fitowa 13:21, al'amudin girgije da rana, na wuta da dare. Ba a miƙa wa Musa taswira ba. Littafin Ƙidaya sura 9 ya ce girgijen yakan tsaya kwana biyu, ko wata guda, ko fiye, su ma su tsaya. In ya tashi, ko cikin dare ne, su kwance alfarwa. Ka yi tunanin matar da ta gama jera kayanta, aka ce mata tashi. Ka yi tunanin saurayin da ƙafarsa ke ƙaiƙayi, aka ce zauna. Duka biyun jagora ne.

Wannan al'amudin wuta shi ne bayan maganar Yesu a Yohanna 8:12. Lokacin Idin Bukkoki ne, idin tunawa da zaman jeji. A idin nan akan kunna wasu manyan fitilu a farfajiyar mata ta Haikali, haskensu ya mamaye Urushalima, ana waƙa ana rawa har tsakar dare. Yohanna ya gaya mana a aya 20 cewa a wajen baitulmali Yesu ya yi maganar, wato a wannan farfajiya. Nan ya ce, ni ne hasken duniya. Amma ku ƙarasa ayar, mukan yanke ta a tsakiya: wanda ya bi ni ba zai yi tafiya cikin duhu ba. Wanda ya bi. Hasken nan mutum ne, kuma tafiya yake yi. In ka zauna kana jiran a nuna maka ƙarshen hanya kafin ka ɗaga ƙafa, zai yi gaba. Shi ya sa iyayen ikkilisiya da suka taru a Nisiya a shekara ta 325 suka kira shi Haske daga Haske, 'yan'uwanmu Katolika da Angilikan kuma suke kunna babban kyandir a daren Ista, kowa ya ɗebi wuta daga jikinsa.

Yanzu ga inda ba za ku so ni ba. Haske kafin ya nuna maka hanya, kai yake fara nunawa. Ki share ɗaki ki ga ya yi fes, bari rana ta leƙo ta taga ki ga ƙurar da ke yawo. Yohanna 3:19 ta ce mutane sun fi son duhu, ba don ba su ga hasken ba, sai don ayyukansu. Mu kuwa mun iya dabara. Kun san yadda 'yan banga ke yi da dare: ya dalle maka tocila a ido, shi yana ganinka, kai ba ka ganinsa. Haka wasunmu ke riƙe da Littafi, kullum a fuskar wani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A garin nan dole in faɗi wannan. Mun ga rikicin Jos na Satumbar 2001, mun ga na 2008, mun ga na 2010. Akwai waɗanda ke zaune a nan da suka binne nasu, ban raina hawayensu ba, ni ma na yi nawa. Amma yau akwai unguwar da ɗan wannan ɗaki bai taɓa takawa ba, akwai kuma yaro a can da bai taɓa zuwa nan ba. 1 Yohanna 2:9 ta ce wanda ya ce yana cikin haske amma yana ƙin ɗan'uwansa, har yanzu a duhu yake. Wani zai ce ai ɗan'uwa mai bi ake nufi. To je ka Matiyu 5, surar da ta ce ku ne hasken duniya ita ce ta ce ku ƙaunaci magabtanku, kuma dalilin da ta bayar shi ne Allah yana fito da ranarsa a kan mugaye da nagari. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da Suratun Nur, inda aka yi misali da fitila a cikin alkuki. Ban ce addinan biyu ɗaya ne ba, ba ɗaya ba ne. Cewa nake in ka ce masa kai haske ne, ya gane kalmar sarai, halinka zai tsaya kallo a kasuwannin Terminus da Farin Gada.

Tarihinmu kaɗan. Karl Kumm da abokansa na ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission) sun sauka a Wase a 1904, mujallarsu ma sunanta The Lightbearer, wato mai ɗauke da haske. Mun gode musu. Amma abu guda ba na karɓa, yadda wasu Turawan zamanin suke kiran Afirka nahiyar duhu kamar su a can ba su da nasu. Duhun da Littafi ke magana ba launin fata ba ne, ba kuma ƙasa ba. Sannan waɗanda suka kai fitilar lungu-lungu galibi namu ne, masu bishara da ba a rubuta sunansu ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, Likita Miller na Zariya na cikin manyan da suka yi aikin. Iyayenmu sun koyi karatu da shi bayan sun dawo daga gona, mutum goma a kan fitila ɗaya. Kai yana cikin wayarka, fassara uku, yaushe rabonka da buɗe shi?

Fitila kuma tana cin mai. 'Yan matan nan goma na Matiyu 25 duk suna da fitila, duk sun yi barci, har masu hikimar. Mai ne ya raba su, kuma ba a ara. Bangaskiyar mamarki ba za ta kai ki tsakar dare ba. In kuma taka ta koma hayaƙi kawai, gilashi ya yi baƙi, kada ka jefar. Ishaya 42:3 ta ce lagwanin da ya kusa mutuwa ba zai kashe shi ba. Kakata takan cire ƙwan, ta goge da tsumma, ta datse bakin lagwani, shi ke nan.

Na ga hannu a can. Bismillah, 'yata.

(Wata matashiya ta ce: Baba, shekara uku ke nan da na gama makaranta, ba aiki. Na yi addu'a, na yi azumi. Kun ce taki ɗaya, ni ko takin ban gani ba.)

Sannu, 'yata. Ba zan ce miki rashin bangaskiya ba ne, don ban ga hakan ba. Ki rubuta Ishaya 50:10. Ana magana ne da mai tsoron Ubangiji, mai biyayya, amma yana tafiya cikin duhu ba haske. Ashe akwai irinsa. An ce ya dogara ga sunan Ubangiji. Aya ta 11 kuma gargaɗi ce ga masu hura wutar kansu don sun gaji da jira, kin kuwa san irin wutar da ake hura wa yarinya mai neman aiki a ƙasar nan. Shawulu ma, wato Bulus, da haske ya kayar da shi a hanyar Dimashƙu, kwana uku ya yi ba ya gani. Abin da aka ce masa kawai, tashi ka shiga gari, za a faɗa maka. Kuma mutum aka aiko masa, Hananiya, ba mala'ika ba. Saboda haka kada ki tafi in an tashi. Mama shugabar Zumunta, ga 'yarki nan, ku zauna da ita da Baba Rabaran ku ji me ta karanta, ku ga wa kuka sani. Shugaban matasa yana ɗaga mini agogo tun ɗazu. Ɗana, na gani, zo ka karɓi abin maganarka.