Ɗalibi makaho da hoton darasi a WhatsApp

Malama Binta: Assalamu alaikum masu sauraro. Malam Sani, ana ta cewa waya da kwamfuta sun buɗe wa ɗalibai makafi ƙofar karatu. Haka ne kuwa?

Malam Sani: Ta fannin kayan aiki, haka ne. Manhajar NVDA kyauta ce, tun 2006 take karanta wa makafi abin da ke allon Windows. Ana iya zuba ta a filashi, ɗalibi ya soka a kwamfutar makaranta ya kunna ba sai an girka komai ba. A Android kuwa akwai TalkBack: ka ja yatsa dama ta karanto abu na gaba, ka taɓa sau biyu ta buɗe.

Malama Binta: To ina gizo ke saƙar?

Malam Sani: A hannunmu malamai. Sai malami ya ɗauki hoton takardar darasi ya jefa a zauren WhatsApp na aji, wai ya gama aiki. Ita kuwa manhajar, rubutu take karantawa. Ta iso kan hoto, sau da yawa iyakarta ta ce "hoto" ta wuce. Haka PDF ɗin da aka yi sikanin, shi ma hoto ne aka lulluɓe.

Malama Binta: Ai akwai manhajojin da ke ciro rubutu daga hoto.

Malam Sani: Akwai, amma in takardar ta karkace, ko inuwar hannu ta faɗo mata, ko rubutun hannu ne, sai shirme. Da Hausa abin ya fi muni, domin ɓ da ɗ da ƙ sukan ɓata lanƙwasarsu ko su koma wata alama. Ga kuma muryar Turanci tana karanta Hausa, kunne sai ya sha wuya.

Malama Binta: Ni abin da nake roƙon malamai kaɗan ne. Ku tura asalin fayil ɗin Word. Kanun darasi a sa su da salon kanu na manhajar, kada a tsaya ga ƙara musu kauri, don ta haka ɗalibi zai riƙa tsallakawa daga babi zuwa babi maimakon ya saurari shafi ashirin. Kowane zane a rubuta masa bayani, ko da jimla biyu ce. Kada a ce "duba wanda aka ja wa jan layi".

Malam Sani: Kuma kada a jingine Braille, rubutun makafi mai ɗigo-ɗigo da ake karantawa da yatsa. Yaron da sauraro kaɗai ya sani zai iya haddace darasi, ya zo rubutu ya kasa jera haruffa. Ɗigo shidan nan ne ke koya masa ƙa'idar rubutu da lissafi.

Malama Binta: Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya fa, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019?

Malam Sani: Tana nan, Malama. Amma shugaban makaranta ne zai hana tura darasi a hoto, kuma zai iya farawa ranar Litinin.