Ruwan Tiga da Fadamar Haɗeja: Lissafin da Ya Kamata A Duba Kafin A Gina Dam

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban taro, malamaina, ɗalibai, da iyayenmu manoma da masunta da suka taso daga nesa, barkanmu da warhaka.

Maganata yau a kan kogi ɗaya ce da dubban mutanen da ke ci daga gare shi. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma ya gangara ta Wudil, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are a wajen Gashuwa, su zama Kogin Yobe, wanda ke bin iyakar Najeriya da Nijar ta Diffa har Tafkin Chadi. A 1974, zamanin Audu Bako, aka kammala dam ɗin Tiga. A 1992 aka ƙara na Challawa. Niyyar mai kyau ce: ruwan sha ga birnin Kano, da noman rani a Kadawa da Kura. Duk wanda ya ci tumatirin Kadawa ya san an amfana.

To amma mutumin Guri, can cikin fadamar, fa? Kafin Tiga, ambaliyar damina kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadama a shekara mai kyau. Bayan dam, ga kuma farin da aka yi a shekarun 1980, sai ta koma ƙasa da 1,000. Jama'a, wannan ambaliya ita ce jarin talakan fadama. A cikinta yake shuka shinkafa. In ta janye ya sa wake a danshin da ta bari. Kifi ya hayayyafa, Fulani su sauko da shanu su ci ciyawar rani, goruba ta ba da kaba. Ruwan da ya nutse ƙasa kuwa shi ne ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ko ganin kogin ba sa yi.

A 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru. Masana daga jami'ar Landan, irin su Hollis da Thompson, suka gina kwaikwayon kogin a kwamfuta. Kar abin ya ba ku tsoro, lissafi ne kawai. Ka zuba masa ruwan saman kowace shekara, da ruwan da ya wuce ta ma'aunin Wudil da na Haɗeja, da wanda rana ta shanye, da wanda ƙasa ta tsotse. Sai ka gwada shi da shekarun baya. In ya faɗi ambaliyar da aka gani da ido, to ka fara yarda da shi. Daga nan sai tambaya: in an faɗaɗa noman rani a Kano, eka nawa za ta bushe a Nguru? In an gina dam a Kafin Zaki a kan ruwan Jama'are, me zai isa Gashuwa?

Sannan masanin tattalin arziki Edward Barbier ya sa wa amsoshin farashi, ya ƙirga amfanin gona da kifi da itacen girki. Abin da ya fito shi ne ruwan da aka bari ya bazu a fadama ya fi kawo arziki nesa ba kusa ba a kan ruwan da aka tare don manyan gonakin rani, kuma ribar da za a samu a sama kaso kaɗan ce ta asarar da za a yi a ƙasa. Ku lura, bai ma sa kiwo da ruwan rijiya a wannan lissafi ba. Shawarar da ta fito mai sauƙi ce: a riƙa sako ruwa daga dam a watan Agusta, daidai lokacin da fadama ta saba sha.

Nan ne abin ke min ciwo. Maimakon haka, aka ci gaba da sako ruwa rani da damina, kogin da ya saba ƙafewa ya daina ƙafewa. Kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa tare da laka. Ruwa ya karkata ta mashigin Marma, wani reshe na kogin, ya cinye gonaki a wajen Nguru, na Gashuwa kuma suna jira. Tsuntsayen jan baki suka yi sheƙa a cikin kachalar suna wawushe shinkafa da gero. Ashe lokacin da ruwa ya zo yana da muhimmanci kamar yawansa, kuma tsohon masunci ya san haka tun kafin a kawo kwamfuta.

A 2006 jihohi shida, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogin. Madalla. Sai dai lissafi ba ya aiki sai da awo. Ina roƙon hukumomi su gyara ma'aunan ruwa, a riƙa karanta su kullum, a buga alƙaluman kowa ya gani. Ranar da za a tsara sakin ruwan Tiga da Challawa, a zaunar da sarkin ruwa da arɗo da mai tattasan Diffa. Maganar Kafin Zaki kuma, duk sanda ta sake tasowa, a fara nuna wa mutanen Gashuwa da Geidam, da harshen da suke ji, abin da lissafin ya ce zai iso musu.

Ranka ya daɗe, zan tsaya nan don a yi tambayoyi.