Hunturu ya tona asirin katakon matakalata

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryata, kwanana uku da sauka daga Manchesta amma ƙurar Kaduna ta riga ta shaƙe ni. Yau muna gidan da nake ginawa a Malali, zancen matakalar bene za mu yi.

Bari in matso da kyamara. Kun ga tsagar nan? Har farcena yana shigewa. Da damina aka sayi katakon nan, ina can ina kallo ta waya, mai shi yana ta rantse-rantse wai ya bushe ƙayau. To, ta waya ai ba a jin nauyin itace. Ashe ɗanye ne. Shi katako da damina danshi yake sha ya kumbura, iskar hunturu ta zo ta tsotse ruwan ya tsuke, wanda bai gama bushewa ba sai ya dare ko ya karkace. Falanki 11 suka tafi a haka. Benci za a yi da su.

Jiya muka shiga Panteka ni da Baba kafinta, muka zaɓo maɗaci. Eh, maɗacin nan dai da ake jiƙa sassaƙensa a sha ana yamutsa fuska. Na taho da 'yar na'urar auna danshi daga can, ina soka wa kowane falanki, wanda ya haura kashi 12 cikin 100 in ture shi gefe. Baba sai dariya yake min. Shi ƙwanƙwasawa yake da bayan yatsa, ya kasa kunne. Abin haushin, sau biyu kacal muka saɓa. Da na ce ko a sa kirya, sai ya ce, "Alhaji, kirya cinye min zarto za ta yi, kuma ina za ka samo mai faɗin taki?" Na ja bakina.

Wajen awo ne ban sassauta ba. A Ingila ƙa'idar gini ta ce a gidan zama tsayin taki kada ya wuce milimita 220, wurin ɗora ƙafa kuma kada ya gaza 220. Ni ko kusa da iyakar ban je ba, saboda Hajiya za ta riƙa hawa, ga gwiwa ta fara damunta. Daga ƙasa zuwa saman dekin santimita 306 muka samu, har da kaurin tayil. Tayil ɗin nan shi ake mantawa, sai an gama a ga takin ƙarshe ya fi 'yan'uwansa tsayi. Muka raba gida 18, kowane hawa santimita 17, faɗi 28. Ƙafa haddace taki take yi, ɗaya ya bambanta da ɗan yatsa, sai tuntuɓe, musamman in an ɗauke wuta.

Yanzu ga falankan maɗacin nan mun jera a falo, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Mako biyu za su yi kafin zarto ya taɓa su, sannan maganin gara ya biyo baya. Hutuna zai ƙare kafin a kafa abin dafawa na matakalar, ƙanena ne zai riƙe muku kyamara.

Baba, ɗan juya min wancan na ƙasan, kamar na hango ƙulli.