Amsoshin Tambayoyinku: Minti 14 a gaban mai jarrabawa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau wasiƙu biyu ne suka zo mana a kan magana guda, sai muka haɗa su.

Ta farko daga wata ma'aikaciyar jinya ce a Zariya. Ta ce shekarunta 41, tana neman aiki a Birtaniya, an kuma ce sai ta ci jarrabawar IELTS, wadda ke auna iya Turanci. Karatu da rubutu ba sa ba ta tsoro, in ji ta, amma da an ce ta yi magana da Turanci sai bakinta ya yi nauyi. Tana tambaya: ko dai girma ne ya cim mata?

To Malama, ba girma ba ne, rashin sabo ne. Ɓangaren magana na wannan jarrabawa, wadda aka fara a 1989, minti 11 zuwa 14 ne kacal, ke da mai jarrabawa, ana naɗar muryarki. Da farko zai tambaye ki abin da kika sani kamar yunwar cikinki: aikinki, garinku, abincin da kike so. Daga nan ya miƙo miki kati mai ɗauke da wani batu, da takarda da abin rubutu. Minti 1 za ki shirya, ki yi magana har minti 2 ba tare da an tanka miki ba. Sannan ku tattauna batun da ɗan zurfi. Maki mafi girma 9 ne, hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, NMC, kuwa 7 take nema a magana.

A wannan minti 2 ɗin ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe, kuma ni a ganina tarbiyya ce ke kama mu. An rene mu a kan cewa idan kana gaban babba ka sunkuyar da kai, ka amsa a taƙaice. A ɗakin jarrabawa wannan alkunya hasara ce. Idan aka ce kina son aikinki, kika ce e kika yi shiru, ba ki ba shi abin da zai auna ba. Ki faɗi dalili, ki kawo labarin daren da kika kwana a kan mai naƙuda.

Game da lafazi kuwa, ba wanda ya ce sai kin koma 'yar Landan. A gane abin da kike faɗa, shi ke nan. Sai dai ki kula da inda Hausa ke jan harshenmu. Ba mu raba p da f, don haka pan da fan sukan fito iri ɗaya. Ki riƙe 'yar takarda a gaban leɓenki: idan kika furta p daidai, iska za ta fashe ta kaɗa takardar. Haka v da muke mayarwa b, da wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe, irin wanda ya mayar mana da bread burodi.

Wasiƙa ta biyu daga wani malami ce da ke koyar da magidanta masu shirin wannan jarrabawa ajin yamma a Kano. Ya ce ɗalibansa sun matsa masa ya rubuta musu amsoshi su haddace, ya yi ko kada ya yi?

Allah ya gafarta Malam, kada ka yi. Mu mutanen hadda ne, ba musu, amma masu jarrabawar nan an horar da su su gane amsar da aka haddace. Murya takan canza, mutum ya riƙa zuba kamar mai tilawa, da an karkata tambayar kaɗan sai ya tsaya cak. Abu huɗu suke aunawa: gudanar magana da tsarinta, yalwar kalmomi, nahawu, da lafazi. Hadda ba ta nuna ko ɗaya.

Ka zaunar da su bibbiyu, ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya yi magana. Kowa ya naɗi muryarsa a waya ya saurara a gida. Ranar farko ba daɗi, kowa yakan ji kamar ba muryarsa ba ce. Kuma kada ka katse magidanci a gaban 'yan ajinsu don ya yi kuskure. Mai 'ya'ya biyar in ya ji kunya sau ɗaya, da wuya ya sake buɗe baki. Ka rubuta kurakuran, in ya gama ka zaɓi biyu ku gyara.

Wani abu kuma da ya shafe ku duka biyu: shekara 2 akasarin hukumomi ke karɓar sakamakon, don haka kada a yi gaggawar biyan kuɗin rajista tun sauran takardu ba su kammala ba.

Bari mu ɗan sha iska, in mun dawo akwai wasiƙa daga Maraɗi.